Tsohon Shayin Pu'er: Ɗanye ko Nunanne, Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sarin kaya sun san Xiaobei da Sanyuanli kamar yunwar cikinsu, amma da wuya ka ji wani ya ce ya tsallaka kogi ya leƙa Fangcun. A can ne babbar kasuwar sarin shayi ta ƙasar Sin take, shaguna dubbai, layi bayan layi, kusan kowane shago da teburin katako da butar ruwa tana tafasa a gefe. Abin da zai fara ɗaukar hankalin baƙo shi ne wasu fayafayai da aka naɗe cikin farar takarda aka jera a kanta. Ganyen shayi ne aka danne ya zama faifai. Wani kuɗinsa bai fi na abincin rana ba, wani kuma, da takarda kusan iri ɗaya, sai ka sayar da mota kafin ka ɗauke shi. Wannan shi ne Pu'er, shayin lardin Yunnan, wanda darajarsa ke ƙaruwa da tsufa.

Turawan da ke rubutu a kansa sukan jera shi da tsohuwar jan giyar inabi ta Faransa, domin shi ma ana tambayar shekararsa, da dutsen da ganyen ya fito, da irin ɗakin da ya kwana a ciki. Iyakar kamannin ke nan. Babu barasa a cikinsa, ba ya sa maye. Abin da ke cikinsa mai wartsake jiki shi ne wanda ke cikin kowane shayi. Musulmi zai iya zama ya koyi wannan sana'a ta ɗanɗano da natsuwarsa.

Da zarar ka nuna sha'awa, tambayar farko da mai shago zai yi maka ita ce: sheng ko shou? Wato ɗanye ko nunanne. A kan wannan amsar ne kuɗinka za su yi albarka ko su bi ruwa.

Asalinsu ɗaya ne. Bishiyar shayi ce mai faffaɗan ganye da ke tsiro a duwatsun kudancin Yunnan, musamman yankunan Xishuangbanna da Lincang da Pu'er, kusa da iyakar Myanmar da Laos. Akan tsinko ganyen, a bar shi ya yi yaushi, a soya shi sama-sama a babban kasko, a murza, sannan a shanya a rana. Wannan shanyar rana ita ce sirrin. Koren shayin da muke dafawa a Zinder da Agadez da Kano ana busar da shi da wuta mai zafi wadda ke tsayar da duk wani sauyi a cikin ganyen, shi ya sa in ya kwana biyu a kanti sai ya salance. Shi kuwa na Yunnan ba a kashe shi gaba ɗaya. Yana ci gaba da canzawa a hankali shekara da shekaru. Ka'idar da gwamnatin Sin ta fitar a 2008 ma ta ce ba a kiran shayi Pu'er sai in ganyen Yunnan ne mai faɗi, wanda aka busar a rana, aka kuma sarrafa shi a can.

Daga nan ne hanya ta rabu. Ɗanye, ana turara busasshen ganyen nan ne kawai, a danne shi ya zama faifai, a naɗe, a ajiye. Lokaci da iska da laima su ne za su ƙarasa aikin. Haka aka yi ta yi tun zamanin da fatake ke ɗora shi a kan alfadarai suna hawa da shi Tibet. Faifai ɗaya nauyinsa giram 357, ana ɗaure bakwai wuri guda cikin ɓawon gora, ɗaurin ya tashi kusan kilo biyu da rabi.

Nunanne kuwa sabon abu ne. A 1973 masana'antar shayi ta Kunming, babban birnin Yunnan, ta fara gwada hanyar gaggauta tsufa, saboda gidajen cin abinci na Hong Kong suna neman baƙin shayi mai laushi da yawa, ga shi ba wanda zai jira shekara ashirin. Ana tara ganyen tuli guda a ƙasa, a yayyafa ruwa, a lulluɓe. Cikin tulin ya ɗau zafi har ya kai digiri 50 zuwa 65 a ma'aunin Celsius, ƙananan halittu irin su fumfuna mai amfani su shiga aiki, ma'aikata suna juya shi lokaci-lokaci don kada ya ƙone. Cikin kwana 45 zuwa 60 ganyen ya yi duhu, ɗacinsa ya karye. Riƙe shekarar nan ta 1973 da kyau, za ta yi maka amfani a gaban dillali.

To a baki fa?

Sabon ɗanye jarumi ne. Ruwansa rawaya ne mai ɗan kore, yana ƙamshin furanni da ciyawa, wani lokaci da ɗan hayaƙi, ga ɗaci ga bauri mai kama harshe. Wanda ya sha shi da yunwa zai ji cikinsa na murɗawa, don haka kada ma ka yi tunanin buɗa baki da shi a watan azumi. Amma a ƙarƙashin ɗacin akwai abin da masana ke nema, wanda Sinawa ke kira huigan. Duk mai cin goro ya san shi: ka tauna ka ji ɗaci, ka kurɓi ruwa, sai wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro wanda ba ka san da shi ba. Ganyen ƙwarai haka yake yi. Ɗacinsa yana wucewa da sauri, zaƙin ya biyo baya, yawu ya tsinke a ƙarƙashin harshe. Ganyen banza kuwa ɗacinsa zama yake yi daram, ba ya rikiɗa, kuma ko shekara talatin ya yi a ajiye ba zai zama wani abu ba. Tsufa ba ya haifar da abin da babu shi tun farko.

In ɗanye mai kyau ya shekara goma sha biyar zuwa ashirin da biyar a ɗakin da ya dace, sai ka rantse ba shi ba ne. Ruwan ya koma ja mai haske, tas, kana hango gindin kofi. Baurin ya kwanta. Ƙamshin furanni ya tafi, ƙamshin tsohon katako da busassun 'ya'yan itace ya maye gurbinsa, a wasu kuma har da ɗan sanyin kafur da ke ratsa hanci bayan ka haɗiye. Abin da ya fi burge ni game da shi, ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ana ƙara wa ganyen tafasasshen ruwa ana tsiyayewa, zubi na biyu daban, na biyar daban, na goma sai ka ji zaƙi zalla kamar an ɗiga masa zuma alhali ba a sa komai ba. Kofin da ka shanye ma, in ka kai hanci bayan ya huce, ƙamshi na nan manne a gindinsa. Mutum zai iya zama awa guda da giram bakwai na ganye bai gundura ba.

Nunanne ba ya wannan doguwar hira. Ruwansa ja ne mai duhu, kusan baƙi, mai kauri da santsi a baki. Ɗaci kaɗan ne ko babu. Ƙamshinsa na jiƙaƙƙiyar ƙasa ne da itace, in ya ɗan tsufa kuma ya ƙara da na busasshen dabino. Yana kwantar da ciki bayan abinci mai maiƙo, abin da ya sa mutanen Guangzhou da Hong Kong ke shan sa a gidajen cin abinci ke nan. Aibinsa yana sabo: tulin nan yakan bar masa wani ƙarni kamar na kifi, wanda ke korar mutane da yawa tun a kurɓin farko har su yanke cewa duk Pu'er haka yake. Shekara biyu zuwa uku a ajiye, ƙarnin ya tafi. Daga nan yana ƙara laushi da tsabta, amma bayan shekara goma sauyin da yake yi kaɗan ne, domin an riga an ci rabin tafiyarsa a cikin tuli. Saboda haka ban ga dalilin biyan kuɗi mai nauyi don nunanne mai shekara talatin ba. Na shekara takwas daga masana'anta mai tsabta zai ba ka kusan duk abin da irinsa ke iya bayarwa.

Ra'ayina a fili yake: ɗanye in ya yi kyau, nunanne ba ya kamo ƙafarsa. Amma ɗanye ne kuma ya fi saurin ba mai saye kunya, kuma a cikinsa ne aka fi yin cuta. Nunanne na tsaka-tsaki ana iya shan sa da daɗi kullum. Tsohon ɗanye na tsaka-tsaki sau da yawa ba shi da ƙarfin ƙuruciya, ba shi kuma da zurfin tsufa.

A nan ne maganar ajiya ta shigo, kuma ita ce sabon shiga ba ya tambaya. Ka ɗauki fayafayai biyu daga ɗauri ɗaya, ka aika ɗaya Hong Kong ɗaya Kunming, bayan shekara goma sha biyar shayi biyu ne mabambanta. Hong Kong gari ne mai zafi da laima, kuma tsofaffin 'yan kasuwarsa sun saba sa shayi a ɗakunan ƙasa masu damshi na wani lokaci, sannan su fito da shi ya sha iska na tsawon shekaru. Irin wannan yana saurin yin duhu da laushi, yana ɗauke da ƙamshin tsohon sito. In gwani ne ya yi, abin sha'awa ne. In an zarce, warin fumfuna ne kawai, kuma maƙogwaro zai gaya maka. Kunming kuwa tana kan tudu, kusan mita 1,900 sama da teku, ga sanyi ga bushewa. Shayin da ya kwana can yana riƙe ƙamshinsa tsaf, amma tsufansa na tafiyar hawainiya ne: ya shekara goma sha biyar har yanzu da sauran bauri. Guangdong, lardin da Guangzhou take ciki, da Taiwan da Malesiya suna tsakani. Garin Dongguan, da ke kusa da Guangzhou, ya yi suna wajen manyan rumbunan ajiyar wannan shayi.

Shahararren misali shi ne fayafayan da ake kira 88 Qing Bing. Ɗanye ne na masana'antar Menghai, na ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, wanda wani mai shagon shayi a Hong Kong ya saya da araha a lokacin da ba wanda ke so, ya ajiye a busasshen sito maimakon ɗakin ƙasa. Da suka tsufa aka ɗanɗana, sai kasuwa ta juya ga busasshiyar ajiya, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Ganyen ba na musamman ba ne, haɗin masana'anta ne na yau da kullum. Ajiyar ce ta ɗaga shi.

Tun da an ambaci Menghai, ga yadda ake karanta lambobin da za ka gani a jikin kaya. A lamba kamar 7542, biyun farko shekarar da aka tsara haɗin ne, wato 1975. Ta uku matakin ganyen. Ta ƙarshe masana'anta. Lamba 1 Kunming ce, 2 Menghai, 3 Xiaguan. 7542 ɗanye ne na Menghai, kuma shi ne ma'aunin da ake gwada sauran ɗanyun masana'anta da shi. 7572 nunannen Menghai ne, 7581 nunannen Kunming mai siffar bulo, 8653 kuma ɗanyen Xiaguan da aka sani da dannewa mai tauri da ɗan hayaƙi. Lura da kyau: 75 ɗin nan ba shekarar da aka yi faifan da ke hannunka ba ce. Har yau ana buga 7542 sabo fil. Dillalin da ya nuna maka lambar ya ce shayin 1975 ne, ya raina maka hankali. Haka wanda ya ce yana da nunanne na shekarun 1950 ko 1960: ba a ƙirƙiro nunanne ba sai 1973.

Akwai tsofaffin gaske, ba a musu. Kafin 1950 gidajen kasuwanci masu zaman kansu a garin Yiwu na lardin Yunnan (ba Yiwu ta sarin kaya ba) da kewaye, irin su Song Pin Hao da Fu Yuan Chang da Tong Qing Hao, sun yi fayafayan da kaɗan daga cikinsu suka tsira a sitocin tsofaffin gidajen cin abinci na Hong Kong. Bayansu akwai Hong Yin mai jan tambari na shekarun 1950. Waɗannan a ɗakunan gwanjo ake ganinsu, ɗauri ɗaya yana tashi miliyoyin dalolin Hong Kong, kuma masu sayensu suna bin tarihin hannun da ya riƙe su ɗaya bayan ɗaya. Ba a tsintar su a kantar shagon kan hanya. Kayan da aka yi kafin tsakiyar shekarun 2000 ma akasarinsu babu ranar bugawa a takardarsu, sai dai a duba irin takardar da tawadar da 'yar takardar da ake binnewa a cikin ganyen, kuma duk waɗannan masu jabu sun iya kwaikwayonsu. Haka batun sunayen ƙauyuka yake. Lao Banzhang a dutsen Bulang da Bingdao a Lincang ƙananan ƙauyuka ne da ganyensu ke da tsadar gaske, amma abin da ake sayarwa da sunansu ya ninka abin da bishiyoyinsu za su iya bayarwa. In ka ga faifan Lao Banzhang da kuɗin tasi, takardar kawai ka saya. Dutsen Jingmai, wanda UNESCO ta sa tsofaffin dazuzzukan shayinsa cikin kayan tarihi na duniya a taron Riyad na 2023, shi ma sunansa ya fara shan wannan wahala.

Wanda kuma ke tunanin saye don riba, ya tuna da 2007. A farkon shekarar mutane sun yi ta zuba kuɗi a Pu'er, kwali yana canza hannu ba a ma buɗe shi ba, farashi yana ninkawa cikin makonni. Kafin shekarar ta ƙare kasuwar ta faɗi warwas, masana'antu da yawa suka rufe, aka bar mutane da sitoci cike da kayan da ba mai tayawa. Ka saya don ka sha.

Abin da zai cece ka shi ne harshenka, kuma al'adar Fangcun tana taimakonka, domin ana zaunar da mai saye a dafa masa kafin ciniki. Ka nemi a ɓalle daga faifan da za ka ɗauka, ba daga wani gwangwani na bayan kanta ba. Juya faifan a hannu, ka shinshina ramin da ke bayansa. Ɗan fari-fari kaɗan a kan wanda ya kwana a Hong Kong ba abin tsoro ba ne, amma kore ko baƙi ko rawaya mai gashi-gashi, ajiye shi ka tashi. Mai shagon zai zuba kimanin giram bakwai a wani ɗan kwanon tangaran mai murfi da ake kira gaiwan, ya kwarara tafasasshen ruwa, ya zubar da na farko don wanke ganyen, sannan ya riƙa tsiyayowa bayan daƙiƙa biyar zuwa goma. Ɗaga kofin ka duba: ruwan ya zama garau, ko da duhu ne. Mai gurɓata alamar aiki marar tsabta ne. Kada ka yanke hukunci a zubi na biyu. Zauna har na bakwai ko na takwas, domin sabon ganyen da aka jiƙa da gangan don ya yi kama da tsoho yakan fara da duhu mai ban sha'awa, sannan ya mutu nan da nan, ya bar maka ƙaiƙayi da bushewa a maƙogwaro. Daga ƙarshe ka sa yatsa ka ɗauko jiƙaƙƙen ganye. Na tsohon ɗanye launin ƙasa-ƙasa ne mai ja, yana buɗewa, in ka ja shi yana da danƙo. Na nunanne ya fi duhu, amma bai kamata ya narke kamar laka ba, bai kuma kamata ya yi tauri baƙi ƙirin kamar gawayi ba.

Sai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: ina za ka kai shi? Wannan shayi yana son laimar iska wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. A Kano ko Katsina ko Maraɗi, lokacin hunturu laima takan faɗi ƙasa da kashi 20, ta zauna haka watanni. Ɗanyen da aka bari a kan kanta cikin irin wannan iska bushewa yake yi, ƙamshinsa ya tsere, ya koma siriri mai tsami-tsami, kuma damina ɗaya ba ta dawo da shi. Don haka shawarar da dillalai ke bayarwa, wai ka sayi sabon ɗanye da araha ka ajiye wa 'ya'yanka, shawara ce ta mutumin Guangdong. A arewa sai in za ka rufe shi cikin mazubi mai kama iska, ka sa masa 'yan fakitin daidaita laima, kana dubawa. Mazauna Legas da Kumasi da Duwala matsalarsu akasin haka ce: laima ta yi yawa, fumfuna na jira, sai a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bango. Ko'ina kake, ganyen yana zuƙar duk warin da ke kusa. Ɗakin da uwargida ke turaren wuta, kusa da kicin, kusa da janareta, cikin firiji, duk ba wurinsa ba ne. Ko a akwatin dawowa kada ka haɗa shi da kwalaben turare da sabulai. Nunanne ya fi haƙuri da duk wannan, tun da ba ka jiran ya rikiɗa, so kake kawai ya zauna yadda yake.

Yadda muke shan shayi ma yana da ta cewa. Mu mun saba da dafa ganye ya daɗe a wuta, a zuba sukari, wani lokaci da madara ko citta da kanumfari. Nunanne yana ɗaukar wannan: ka tafasa shi bai yi ɗaci ba, ka sa masa madara ya karɓa. Tsohon ɗanye kuwa in ka sa masa sukari ka binne abin da ka biya kuɗi dominsa, tun da zaƙinsa na bayan haɗiya ba ya jituwa da wani zaƙi. Yana kuma son ruwa marar nauyi. Ruwan burtsatse mai ɗanɗanon kanwa yana dushe shi, gara na gora. Game da masu cewa yana narkar da kitse ko yana maganin suga, shayi ne ba magani ba, mai ciwo ya bi maganar likitansa.

Saboda haka in kai mai neman abin sha ne na kullum bayan tuwo ko shinkafa, ko tsaraba za ka kai wa surukinka ko wani dattijo, ɗauki nunanne mai shekara biyar zuwa goma daga sananniyar masana'anta, irin 7572 ko 7581, a shagon wakilinsu, mai ranar bugawa a bayan takarda. Faifai ɗaya na giram 357, a giram bakwai kowane zama, zai kai ka zama hamsin, kowane zama kuma kofuna goma ko fiye. In kuma ɗanɗanon ne ya ja ka, kana son sanin abin da ya sa mutane ke kashe dukiya a kan ganye, to ɗanye ne naka, amma kada ka fara da faifai guda. Nemi a ɓallo maka giram 25 daga iri uku ko huɗu na shekarun 2000, ɗaya ajiyar Guangdong, ɗaya ta Kunming, ɗaya ta Hong Kong, ka sa a rubuta maka a jikin kowace leda. Na wannan zangon sun tsufa har sun nuna halinsu, ba su kuma kai tsadar da ke jawo manyan masu jabu ba. In ka iso gida ka bar su mako biyu su huce daga tafiya kafin ka dafa, ka sha su a ranaku daban-daban, da ruwa iri ɗaya da awo iri ɗaya. Wanda ka ga hannunka ya fi komawa kansa, shi za ka sayi cikakken faifansa a zuwa na gaba, a shagon da ka ɗanɗana shi.